Zango Ya Zama Gida: Zaman Baƙunci a Ƙasar Gana

Da wuya a sami ekklesiya a cikinmu wadda ba ta sallami wani nata zuwa wata ƙasa ba. Wani ya tafi karatu, wani neman aiki, wata kuwa ta bi mijinta. Ran tashi mu kan yi masu addu'a, mu raka su tashar mota, su kuma su ce mana, "Shekara ɗaya ce ko biyu, mu komo." Shekara biyu ɗin nan ta kan zama ashirin. A darasin wannan wata muna so mu duba zaman baƙon da ya sauke kaya ya daɗe, har ya haifi 'ya'ya a inda ya sauka. Domin kada maganar ta tsaya a iska mun zaɓi ƙasa guda, watau Gana, wadda dā a ke kira Gwalkwas. Hausawa sun fi shekara 200 suna zuwa can, daɗin baƙunci da ɗacinsa duka sun ɗanɗana.

Yadda zango ya kafu

Goro ne ya fara kai mutanenmu. Itacensa yana cikin kurmin Tonawa, watau mutanen Asante, amma sarakunansu ba su yarda fatake su shiga kurmin ba. Sai aka yi mahaɗa a Salaga, cikin ƙasar Gwanja. Ayari ya kan tashi daga Kano da madugu a gaba, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Su bi ta Bargu, su ratsa Sansanin Mango da Yandi, su yi watanni kafin su isa. Inda su ka yada kaya su ka kwana, nan ne zango.

A 1874 Turawan Ingila su ka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Tonawa a kan Gwanja ya karye, cinikin Salaga ya soma ja da baya. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a garin, fatake su ka watse. Waɗansu su ka nufi Kete-Karachi, a cikinsu har da Malam Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zauna can har ya rasu a 1934. Waɗansu su ka gangara Kumasi da Akara, wadda fatake ke kira Ankara. A Akara Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Yau kusan kowane babban gari a Gana yana da zangonsa. A ciki akwai Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Yarabawa da Fulani da waɗansu, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su.

Mu lura da sunan. Zango wurin kwana ɗaya ne, ga shi jikoki da tattaɓa-kunne an haife su a ciki. Haka baƙunci ya kan yi da mutum. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da wasiƙar da Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, a sura 29. Suna zaune da kayansu a ɗaure, suna jiran komawa gobe ko jibi, shi kuwa ya gaya masu zaman na shekara 70 ne, su yi gini, su yi shuka, su nemi zaman lafiyar garin. Baƙon da ya ƙi yarda ya daɗe ba ya gyara takardarsa, ba ya koyon harshen gari, ba ya sa ɗansa a makaranta. Yawancin wahalar da za mu ambata a ƙasa daga nan ta ke fitowa.

Masauki

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Saboda haka fatake su ka ƙago al'adar mai gida. Baƙo ya sauka wurin wani tsohon mazauni, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kuɗinsa, a nemo masa mai saye. In an ɗauki kaya bashi, mai gida ne ya tsaya. Shi kuma yana samun la'ada. Al'adar ba ta mutu ba, sai dai ba kowane mai faɗin baki a tasha ne mai gida ba. Kafin mutum ya tashi, ya nemi sunan wanda zai sauka wurinsa daga bakin wanda ya taɓa sauka can.

Sa'ad da ya tashi kama ɗakin kansa zai gamu da abin da ya kan ba sabon zuwa mamaki. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata 6 gaba ɗaya, amma a Akara da Kumasi masu gidaje da yawa su kan nemi na shekara ɗaya ko biyu tun kafin su ba da mabuɗi. Wanda ya zo da ɗan jarinsa ya kan ga haya ta haɗiye shi ran farko. Kada a biya sai da rasit da shaidu, kuma a tabbata wanda ya karɓa shi ne mai gidan, gama gidan gado yana da masu shi da yawa.

Zancen fili ya fi wannan nauyi. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa ta har abada. Iyakar abin da zai samu shi ne haya wadda ba ta wuce shekara 50 ba a lokaci guda. Yawancin ƙasa kuma tana hannun sarakuna da dangogi, kuma a kewayen Akara an sha sayar wa mutum biyu ko uku fili ɗaya. Mai son gini ya je ofishin ƙasa ya bincika tukuna, sa'an nan ya zaro kuɗi.

Ciki da baki

Wajen abinci Bahaushe ba ya shan wuya ƙwarai, domin kakanninsa sun riga sun share masa hanya. Shinkafa da wake da matan zango ke dafawa ta zama abincin ƙasa duka, da sunanta na Hausa, wake. Tuwon zafi haka, koko da ƙosai haka, kowane ma'aikaci ya san su da safe. Sauran kuwa, sakwarar rogo da ayaba da dokunu, ciki ya kan saba a hankali. A kudu damina biyu ce a shekara, sauro kuwa ba ya hutu, gidan sauro ya zama dole. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya.

Harshe shi ne abin dubawa. A cikin zango mutum zai iya shekara goma bai bukaci kome ba sai Hausa, wannan kuwa tarko ne. Ran da ya je asibiti ko ofis ko kotu sai ya zama bebe. Turanci yana da amfani, amma harshen Tuwi ne ke buɗe kasuwa. Ko gaisuwa kaɗai mutum ya iya, fuskar mai gari ta kan sake. Za ka tarar ma al'adun ba su yi nisa da namu ba: wanda su ke kira Kofi, mu Ɗanjuma mu ke ce masa, Kwame kuwa Ɗan'asabe ne. Hausar zango ita ma ta bi tata hanya, har za ka ji an ce "yarinya ya zo." Kada sabon zuwa ya yi dariya. Mutanen da su ka riƙe harshe shekara ɗari a tsakiyar waɗansu harsuna yabo ya kamace su.

Takarda

A nan za mu daɗe, gama a nan ne aka fi yin kuka.

Zamanin fatake ba a san fasfo ba. Zamanin Turawa ma Nijeriya da Gwalkwas duka a hannun Ingila su ke, kuɗinsu ɗaya, mutum ya kan shiga jirgin ruwa a Ikko ya sauka a Akara ba mai tambayarsa. Gana ta sami mulkin kai a 1957, Nijeriya a 1960, iyaka ta zama iyaka ta gaske, amma mutanen zango da yawa ba su lura ba. Wanda aka haifa a Kumasi, me zai kai shi neman izinin zama a Kumasi?

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busiya ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin kwana 14, ko ya bar ƙasar. Kwana 14 ba su isa ko bin layin ofis ba. Mutum fiye da 100,000 su ka fita, mafi yawansu 'yan Nijeriya, musamman Yarabawa 'yan kasuwa, tare da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo. Aka sayar da gidaje da shaguna da gonakin koko a bakin abin da ya samu. Waɗansu su ka koma garuruwan da ba su taɓa gani ba, sai dai sun ji sunansu a bakin kakanni.

Kada mu yi saurin nuna yatsa. Ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Nijeriya. Mutanen Gana wajen miliyan ɗaya su ka fita, malaman makaranta da teloli da masu gyaran takalma da su ka zo lokacin arzikin man fetur. Su ka cika tashar jiragen ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme, da kayansu cikin jakar leda mai zane, wadda har yau mu ke kiranta da sunan korarsu, muna zuba kayan amarya a ciki ba mu tuna ba. A 1969 namu ne su ka yi kuka, a 1983 mu ne mu ka sa waɗansu kuka. Dukan korar biyu kuwa sun zo ne sa'ad da tattalin arziki ya lalace, aiki ya yi wuya. In tuwo ya kasa, baƙo a ke fara duba wa hannu. Abin ma tsoho ne: Akila da Biriskilla, waɗanda Bulus ya tarar a Korinti, korarru ne daga Roma bisa ga umurnin Kalaudiyas.

Yanzu fa? An kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, a Ikko a 1975. A 1979 ta yi yarjejeniya cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta zai iya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Mutane da yawa sun ji "ba biza," ba su ji "kwana 90" ba. Wanda zai wuce haka, sai ya nemi izinin zama a ofishin shige da fice, ya riƙa sabuntawa kafin ya ƙare. Akwai kuma katin shaida na baƙi, wanda a kan nema wajen buɗe ajiya a banki da rajistar layin waya, da takardar allurar shawara wadda a kan tambaya a kan iyaka. 'Yan'uwanmu na Nijar su lura ƙwarai, gama a Janairu 2025 ƙasarsu ta fita daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso. Su tambayi ofishin jakadancinsu matsayin takardunsu kafin su tashi, kada su dogara ga labarin tasha.

Ga wani abu da iyaye ke mantawa. Haihuwa a Gana kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1992 ya ce sai in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuwa ya karɓi yaron da aka haifa a waje in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne. Ashe yaron yana da ƙasa, amma sai an iya nunawa. In uban ya mutu bai bar fasfo ba, bai yi wa yaron takardar haihuwa ba, bai kai sunansa ofishin jakadanci ba, yaron zai girma can ana ce masa baƙo, ya zo nan a ce ba a san shi ba. Mutanen zango da yawa cikakkun 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, duk da haka waɗansunsu suna kukan a kan tsananta masu tambaya wajen neman fasfo saboda sunansu. In haka ta ke ga ɗan ƙasa, yaya ga wanda ba shi da ko takarda ɗaya?

Shawararmu ita ce a tara takardun gida duka wuri ɗaya, har da ta aure da ta baftisma, a ɗauki hotonsu a aika wa wani amintacce a gida. Matar gida kuma ta san inda su ke. Takardar jabu kuwa, ko wace irin matsuwa ce, kada a taɓa ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ran da aka kama mutum ɗaya, sunan dukan mutanensa ne ya ɓaci.

Kasuwa da kuɗi

Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙaramin ciniki a kasuwa da talla, ta kuma ce baƙon da ke son buɗe kamfanin saye da sayarwa ya kawo jarin dala miliyan ɗaya. 'Yan kasuwar Nijeriya su ka ce wannan ya saɓa wa yarjejeniyar ECOWAS, 'yan kasuwar Gana su ka ce doka doka ce. A 2019 da 2020 aka kulle shagunan baƙi da yawa a Kumasi da Akara. A daidai wannan lokaci kuma Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kayan 'yan Gana su ka maƙale a hanya. Wanda zai sa jarinsa a shago ya tambayi lauya yadda doka ta ke a ranar. Masu sa sunan wani ɗan ƙasa a kan shagonsu su sani, a gaban alƙali shagon na mai sunan ne.

Daga Ikko zuwa Akara wajen mil 300 ne kawai, amma iyaka uku ce, kuɗi kuma iri uku: naira, sefa, sidi. A 2007 aka canja sidi, tsohon 10,000 ya zama sabo ɗaya, amma har bayan shekaru waɗansu 'yan kasuwa suna lissafi da tsohon. Mai kaya ta ce maka miliyan ɗaya, nufinta sidi 100. A tambaya kafin a firgita. A Disamba 2022 tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata, wanda ya ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ya ga sun narke yana kallo.

Mu da ke gida ma muna da laifi a nan. Muna ɗauka duk wanda ya ƙetare iyaka ya yi arziki. Kuɗin makaranta, kuɗin taki, rufin majami'a, duka a kansa. Shi kuwa kunya ta hana shi faɗin gaskiya, ya ci bashi ya aiko. Waɗansu sun ƙi zuwa gida shekara da shekaru domin ba su da tsarabar da za ta fid da su kunya, har iyayensu su ka mutu ba su gana ba.

Aure da gado

A wurinmu ɗa na uba ne. A wurin Tonawa da danginsu ɗa yana bin dangin uwa, bisa ga al'ada kuma ɗan 'yar'uwar mutum shi ke gadonsa. In namijinmu ya auri 'yarsu, 'ya'yan suna da gida biyu. In 'yarmu ce ta auri ɗansu, sai a yi hankali: dangin uban za su ce 'ya'yan na dangin uwa ne, dangin uwar su ce na uba ne, su tashi ba su da ko ɗaya. Dokar gado ta 1985 ta ba matar mamaci da 'ya'yansa rabo in bai bar wasiyya ba, amma gwauruwa baƙuwa wadda ba ta jin harshe, ba ta da takardar aure, da wuya ta iya tsayawa gaban dangi. A ɗaura aure a yi rajista, a rubuta wasiyya tun da sauran lafiya.

Wurin sujada

Mai bi Bahaushe a Gana baƙo ne sau biyu. A zango an ji harshensa, amma yawancin maƙwabtansa Musulmi ne. A majami'a bangaskiya ɗaya ce, amma waƙa da wa'azi da Tuwi ne ko Ga ko Turanci, kuma da an ji Hausa a bakinsa sai a ɗauka ya ɓata hanya ne. Waɗansu daga nan su ke sanyi, su daina zuwa ko'ina. Dattawa su riƙa ba mai tafiya takardar shaida, shi kuma ya kai ta wata ekklesiya tun makon farko, ya zauna ko bai gane kome ba tukuna. Ekklesiyoyin can ba jarirai ba ne. Masu bishara na Basel sun sauka a 1828, na Metodis a 1835, tun kafin a ji labari a ƙasarmu.

A Akara sarakunan Ga su kan hana kiɗa da hayaniya wajen wata guda kafin bikinsu na Homowo. A ƙarshen shekarun 1990 an yi rikici da waɗansu majami'u da su ka ƙi bi. A ganinmu baƙo ba shi da dalilin shiga wannan gardama, gama yin sujada ba ganga wata ɗaya bai rage kome ba. Zaman Kirista da Musulmi a can kuwa abin koyi ne. A Ista ta 2019 babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda shi ma jinin Hausawa ne, ya je majami'ar Katolika a Akara cikin bikin cikarsa shekara 100, aka karɓe shi da murna.

In rai ya yi halinsa

Ba mu son wannan magana, amma baƙon da ya daɗe dole ya yi ta da iyalinsa. A zango a kan binne mamaci a ranar. A kudancin Gana Kirista su kan ajiye gawa a asibiti makonni, wani lokaci watanni, har dangi su taru a yi babban biki, yawanci ran Asabar, kowace rana kuwa kuɗi ce. Kawo gawa gida ta iyaka uku yana bukatar takardu da kuɗin da ya fi ƙarfin yawancinmu. Mun san dangi su kan matsa a kawo, amma bai kamata gwauruwa ta sayar da jarin marayu domin wannan ba. Ibrahim, da Saratu ta rasu a Hebron, bai mai da ita ƙasar da su ka fito ba. Ya sayi kogon Makfela a wurin Ifron a bakin shekel 400 na azurfa, ya auna kuɗin a gaban mutanen gari a bakin ƙofa, domin kada wani ya yi musu daga baya. Labarin yana cikin Farawa sura 23.

Shugaban aji ya sa a karanta wannan sura, sa'an nan a rubuta sunayen dukan 'yan ekklesiyar da ke zaune a wata ƙasa. A bincika wa ke da lambar wayar kowannensu, wace ekklesiya ya ke zuwa a can, kuma yaushe aka yi masa waya ta ƙarshe wadda ba ta roƙon kuɗi ba ce.